Ni Na Fara Fasa Katangar Gidanmu

Sana'ata rubutu da fenti. Idan ka saba ratsawa ta tsakanin Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi a birnin Kano shekaru ashirin da suka wuce, ka ga allon shago mai jan harafi da baƙar inuwa, ko kawuna huɗu a ƙofar mai aski kowanne da irin nasa askin, da wuya idan ba aikina ka gani ba. Ba zan faɗi sunan lungunmu ba, don waɗanda labarin ya shafa suna raye, wasunsu ma ciki ɗaya muka fito.

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan isha'i, wani ya ce masu kuɗi sun cinye cikin gari, sun kori talaka bayan gari. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na gyaɗa kai. Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, don na san a namu gidan ba mai kuɗi ne ya fara ɗaga diga ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

An haife ni a 1975 a gidan ƙasa da kakanmu ya gina. Zaure biyu ne kafin ka kai tsakar gida, ɗakuna bakwai, rijiya a kusurwa, rufin azara wanda ko a tsakiyar bazara idan ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Fuskar gidan ita ce abin alfaharinmu. Zankwaye a sama, dagi a kan ƙofa, takubba biyu sun gitta, agogo, sai kuma keke a gefen dama. Baba ya ce shekarar da kakanmu ya sayi keke ya kira magini ya ce a ɗora masa shi a bango, kowa ya gani. Magini da yatsa da ɗan ƙarfe ya fitar da shi tun yaɓe yana ɗanye. Duk bayan shekara biyu ko uku, kafin ruwan farko, a kan jiƙa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a shafe bangon, a gyara indararo. Mu yara aikinmu kai ruwa da taka ƙasa, ladanmu ɗumamen tuwo.

A gindin wannan bango akwai dakali dogo. Wanda bai tashi a cikin badala ba ba zai gane matsayin dakali ba. Nan tsofaffi suke zama daga la'asar zuwa magariba, nan ake sasanta miji da mata, nan ake sanin wanda ya kwana biyu bai fito masallaci ba a tura yaro ya dubo shi. Baƙo ba ya shiga lungunmu ba a san inda ya nufa ba. Abin sayarwa kuwa, tireda ɗaya ce a bakin lungu, mai ashana da sabulu da sukari da kananzir. Sauran duk cikin gidaje suke: wannan gidan ƙuli-ƙuli, wancan gidan koko, tela yana zaurensa, baduku yana nasa. Babu allo ko ɗaya, don babu wanda bai san gidan da ake sayar da daddawa ba.

Hannuna a makarantar allo ya buɗe. Karatuna tsaka-tsaki ne, amma idan aka zo zayyanar allon masu sauka, ni malam yake ajiyewa kusa da shi in riƙa cika gidajen zanen da ja da rawaya. Da na gama firamare na ɗan taɓa sakandare, sai na liƙe wa wani mutumin kudu mai rumfar rubutu a Sabon Gari. Oga muke ce masa. Shi ya koya mini buga layi da zare da alli, da raba haruffa ta yadda na ƙarshe ba zai matse a bakin allo ba, da sirka fenti da kananzir idan babu tina. Ni kuma na zama mai gyara masa Hausa, tun ranar da ya rubuta wa wani mai gidan kwana "Masaukin Baki", mutumin ya zo yana faɗa yana cewa shi ba likitan haƙori ba ne. Daga ranar duk wata ƙugiya ta ƙ da ɗ da ɓ ni nake sa ta.

Baba bai so sana'ar ba. Ya ce mini, "Harafi ka rubuta duk yadda ka ga dama. Amma mai rai, ka san abin da malamai suka faɗa." Na ce to. Kawunan masu aski da zakunan bayan manyan motoci masu bodin katako, can nesa da gida nake yin su. Na tabbata ya sani, ya dai kau da kai.

A 1993 mun sha aiki, dokin jam'iyyar SDP da mikiyar jam'iyyar NRC a kowace katanga. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni gari ya ɗau zafi, mutanen kudu da yawa suka kwashe iyali suka tafi gida. Oga ya ba ni gwangwanayen fenti da burushi da tsani ya ce in riƙe, wata uku zai yi. Ban sake ganinsa ba.

Shekara uku ina yawo da kaya a buhu kafin na fara kallon ɗakin samarinmu, wanda yake jikin zaure yana ba titi baya. A cikin gari a da, idan aka ce shago, wannan ɗakin na samari ake nufi, ba wurin ciniki ba. Ni ne na haɗa masa ma'anar biyu. Na samu Baba bayan sallar asuba na durƙusa na ce, "Baba, da za a fitar wa ɗakin nan da ƙofa ta waje, da na zauna a gida ina aiki, ba sai na yi ta gararamba ba." Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Keken fa?" Na ce ai zan zana wani da fenti, ya fi wannan kyau. Ya ce in je in yi abin da na ga ya dace.

Ni na riƙe digar da kaina. Bugu na uku ƙafar keken ta baya ta zubo. Aka sare rabin dakali don ƙofar ƙarfe ta samu wurin buɗewa. Da yamma Inna ta leƙo ta zaure, lulluɓe da mayafi. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini. Ta dubi ƙasar da aka tara ta ce, "Babana, yanzu tsofaffin nan ina za su zauna?" Na ce zan sayo musu benci. Na sayo kuwa. Sati biyu suka zauna a kai, warin fenti ya kore su zuwa ƙofar masallaci. Keken da na yi alkawari ban taɓa zana shi ba.

Ba zan yi ƙarya ba, shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata. Na yi aure a 2000, na sayi babur, na ɗauki yara uku masu koyo. Maƙwabta suka ga ɗakin da ba ya kawo ko sisi ya zama abin nema, sai kowa ya fara fasa nasa. Wanda ba shi da sana'a ya sa haya. Duk ƙofar da aka fasa kuma ni ake kira in rubuta mata suna. Kemis, injin markaɗe, gidan kaset, mai ɗinkin zamani. Da wayar salula ta zo a 2001, bakin titi ya cika da lema da tebur na masu buga waya, daga baya masu caji da masu kati. Kamfanoni suka fito da wata dabara: za su fente maka bangon gida kyauta, su kuma su ɗora tallarsu. Amma fenti ba ya kama makuba, sai an yi shafen siminti, siminti kuma sai an kankare zanen magini bango ya yi sumul. 'Yan kwangila ni suke ba wa aikin a yankinmu. Gida shida nake iya tunawa da na tsaya a kan tsani ina ba da umarni a kankare dagi da takobi don a samu wurin zana kwalin sabulu ko dunƙulen miya. A lokacin ko a jikina. Gani nake ina fitar da unguwa daga duhu.

Har ƙananan rubuce-rubucen bango nawa ne. "Ba a fitsari a nan." "Mai zuba shara a nan Allah ya isa." "Wannan gida ba na sayarwa ba ne." Shekarar 2008 da Kano Pillars ta ci gasar Firimiya ta ƙasa, samarin lungu suka yi karo-karo na rubuta musu "Sai Masu Gida" a jikin katangar makarantar firamare, harafi ɗaya ya kai tsayin yaro.

Faɗuwata ba rana ɗaya ta zo ba. Zaɓen 2007 har lokacin a farin yadi muke rubuta sunan ɗan takara. Kafin na 2011 fileks ya cika gari, wannan leda mai kauri da inji yake bugawa da hoto da komai. Wani mai shagon takalma da na shekara goma ina masa aiki ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: "Malam, naka kwana uku, nasu awa ɗaya, kuma har da hotona a jiki." Me zan ce masa? Sai ga harin Boko Haram na 20 ga Janairu 2012, gari ya mutu, dokar hana fita, shingaye ko'ina. Da aka hana acaɓa a farkon 2013 aka koma adaidaita sahu, na ɗan samu na rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a bayansu, shi ma ba a jima ba sitika ta karɓe. Yarana masu koyo suka watse ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun koma tuƙa adaidaitar.

Baba ya rasu a daminar 2014, 'yan makonni bayan rasuwar Sarki Ado Bayero. Ya bar mata biyu, da mu maza biyar, mata shida. Ba wanda ya tada maganar gado. Kowa ya ci gaba da zama inda yake.

Ni kuwa sai na ce tunda inji ne ya kashe ni, bari in sayi inji. A 2015 muka haɗa hannu da wani abokina muka sayi na hannu, tsoho. Rabin kuɗina bashi ne daga wani ɗan kasuwa, sauran kuma sarƙa da 'yan kunnen matata ne. Ban iya kwamfuta ba, sai da muka ɗauki yaro. Wuta ba ta zama, kullum janareto. Shekara ta zagayo dala ta tashi, ga tawada da leda duk daga waje ake kawo su. Wata ranar Laraba kan injin ya ƙone, aka gaya mana kuɗin sabo, muka dubi juna. Abokina ya ce zai je Legas ya nemo na hannu, ya tafi da ragowar kuɗin aljihun shago, wayarsa ta daina shiga. Na zauna da gawar inji da bashin da ya haura naira miliyan biyu.

Mai bashin mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Zuwa kawai yake yi duk Juma'a bayan an sakko, ya zauna a bencin nan na tsofaffi, mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tashi. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

A wannan lokacin dillalai sun riga sun shigo unguwa. Kasuwar Wambai ta tumbatsa, 'yan Kantin Kwari ma suna neman inda za su ajiye diloli, sannan bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 kowane ɗan kasuwa so yake ya samu sito na kankare a wajen kasuwa. Gida uku a layinmu sun riga sun tafi. Sai damina ta zo ta ƙarasa mana. Kududdufin da ke bayanmu, inda kakanni suka haƙi ƙasar gina gidajen, an cike shi da shara an yanka an gine. Ruwa ya rasa hanya ya dawo mana, katangar baya ta zauna da tsakar dare. Allah ya tsare ba ta danne kowa ba. Aka nemi maginin ƙasa, wanda ya saba yi mana ya tsufa, 'ya'yansa bulo suke ɗorawa. Aka ce a yi karo-karo a tada ta da siminti, kowa ya noƙe. Wa zai zuba kuɗinsa a gidan mutum goma sha uku?

Nan na ga ƙofa, na kuwa shige.

Aka yi taro a zaure na biyu. Yaya, babban wanmu, ya ce a gyara a zauna, gidan uba ba abin sayarwa ba ne. Ni na miƙe da wa'azi. Na ce jinkirta rabon gado zalunci ne, akwai 'yan'uwanmu mata da suke gidan haya da marayu, Allah ya riga ya yanka wa kowa rabonsa, mu wane ne da za mu riƙe? Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko gaban wane malami aka je. Amma ba marayun ne suka tashe ni tsaye ba, mutumin ranar Juma'a ne. Ban ambaci bashin ba ko da kalma ɗaya. Ƙannena mata uku suka bi bayana, ɗakin abokiyar zaman Inna suka bi, Yaya ya rage daga shi sai mutum biyu.

Da dare Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gadonta na ƙarfe, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya shekara hamsin da wani abu da suka wuce. A ɗakin ta haife mu duka. Ta ce, "Babana, ba na hana kowa haƙƙinsa. Ku bari in cika a ɗakina, in ya so ko washegari ku sayar. Ai ba zan daɗe ba." Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, shari'a ce." Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta sake magana ba. Can ta ce, "To, tunda shari'a ce."

Bayan kwana biyu Yaya ya ce ya janye.

An sayar a farkon 2017, naira miliyan 32. Aka fitar da tumuni, miliyan 4, iyayenmu mata biyu suka raba. Ragowar miliyan 28 aka kasa 16, mace miliyan ɗaya da dubu 750, namiji miliyan uku da rabi, kafin a cire la'ada da 'yan kashe-kashe. A baki kuɗi ne masu nauyi. A hannu kuwa, babu ɗayanmu da rabonsa zai sayi ko zaure a cikin gari. Na biya bashina a ranar. Abin da ya rage na sayi rabin fuloti na awon igiya can bayan Rijiyar Zaki, inda ba titi ba kwata ba falwaya, na tada ɗaki biyu ba filasta. Muka watse kamar an jefa dutse cikin kaji: wani Kurna, wani Sheka, wata Ɗorayi, Yaya ya nufi hanyar Panshekara.

Aka tambayi Inna wurin wa za ta zauna. Yaya ya fi ni wadata, gidansa har da famfo. Ta ce wurin Babana. Da kuɗin tumuninta aka gina mata ɗaki a gidana.

Katafila ba ta iya shiga lungunmu, don haka leburori aka sa da diga da shebur. Na ce ba zan je ba, amma kwana na huɗu na tsinci kaina a wurin. An yaye rufi, an jera azara a gefe ana ciniki. Ɗakin Inna a buɗe, rana tana dukan bangon da ta yi wa jeren kwanuka, ga shatin kowane kwano a jiki. Na ba wani lebura ɗari biyar na ce ya ciro mini dagin kan ƙofa a dunƙule. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sassare gefe da gefe a hankali, yana ɗagowa ya ruguje a hannunsa. Ƙasa ce da ciyawa. A jikin bango kawai take da ƙarfi.

Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi ci na. A cikin gari mace tana iya zaga gida biyar ba ta taka titi ba. Ana haihuwa za ta ji guɗa, ana rasuwa za ta ji salati, kafin a aiko ta sa mayafi. Ita ake kira wankan jego, ita ake kira wankan gawa. A sabon wuri kowa ya ja doguwar katanga ya sa get, maƙwabcinka ma sai a masallaci, sunansa sai ka tambaya. Ta kan sa tabarma a ƙofar ɗakinta tun hantsi ta zauna tana kallon bulo. Idan na dawo daga gari tambayarta ɗaya ce: "Wa ka gani?" Da farko ina kawo mata labari. Daga baya na rasa wanda zan ce na gani, don su ma sun sayar sun tashi. Zuwa cikin gari adaidaita biyu ne da tafiyar ƙafa, ga gwiwa ta ƙi. Rasuwar aminiyarta ta shekara arba'in, sai bayan sadakar uku muka ji.

Ta rasu a watan Afrilu 2020, farkon azumi, lokacin kullen korona, a makonnin nan da tsofaffi suka yi ta tafiya a Kano. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ta sha gaya mini tana so a kai ta maƙabartar Ƙofar Mazugal inda Baba yake. Hanya a rufe, ba mota. Muka sallace ta a ƙofar gidana, sahu biyu bai cika ba, rabinsu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Matar da ta wanke gawar rabin unguwa, matata da wata maƙwabciya da aka roƙa su suka wanke ta. Aka binne ta a sabuwar maƙabarta a bayan gari. Ta'aziyya ta waya aka yi.

Bayan an buɗe gari na je wurin Yaya. Na kasa cin abincin da aka kawo. Na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye muku. Lokacin da na matsa a sayar da gida, bashi ne ya ci ni." Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Kai yanzu gani kake ba a sani ba? Mutum ya yi ta zuwa duk Juma'a yana zama a ƙofar gida, a lungun nan?" Ya ce daren da na fito daga ɗakinta, Inna ta aika aka taso shi. Ta ce masa yaron nan ya shiga uku, kunya ta hana shi faɗa, idan ba a sayar ba kotu za a kai shi. Ita ta ce ya janye. Ta kuma ce kada wanda ya nuna mini an sani.

Ina da shekara 45 a lokacin, na yi kuka a gaban 'ya'yan Yaya har sai da aka kore su ciki. Da na buɗe baki tun farko na ce ga halin da nake ciki, mu goma sha ɗaya ne, ga surukai, ga dangi. Wataƙila a haɗa a biya, wataƙila a sayar da shagona kaɗai a bar sauran. Wataƙila kuma gidan ya tafi duk da haka bayan shekara biyu, don layin gaba ɗaya tafiya yake. Amma shekara ukun nan da suka rage mata, da a ɗakinta ta yi su. Wata shida na yi ban taɓa burushi ba. Matata ce ta riƙe gidan da ɗinkin hula da sayar da ƙanƙara.

Sana'ar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta dai canza masu nema. Fileks rana tana cinye shi, shekara ɗaya ya koɗe ya yayyage, don haka masu makarantun kuɗi sun dawo suna so a zana musu haruffa da taswira a bango. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, rumfunan POS suka tsiro a kowace kwana, na yi ta rubuta musu "Cire kuɗi da turawa". Babban ɗana ya iya kwamfuta, shi yake tsara aiki a waya, ni in fitar a bango. Abin da ya fi ba ni kuɗi yanzu kuwa, idan na faɗa sai a yi dariya. Gidajen biki da gidajen abinci na masu hali, can wajen Nassarawa, su suke kira na in yi musu zanen gargajiya. A kan bulo da siminti nake zana dagi da takubba da fenti ruwan ƙasa, a sa fitila tana haskawa, amare suna ɗaukar hoto a gaba. Kuɗin bango ɗaya ya fi abin da aka biya ni na kankare gida shidan can. Wata hajiya ta tambaye ni a ina na koyi zanen, wai kamar na gaske.

Unguwarmu kuwa da rana ba ka samun wurin sa ƙafa. 'Yan dako, masu kura, adaidaita, motocin kaya sun toshe bakin lungu. Masallacinmu an yi masa bene da tayil, azahar da la'asar har waje ake shimfiɗa. Wani tsoho cikin 'yan kaɗan da suka rage ya ce mini in zo asuba in gani, sahu ɗaya ne, shi ma rabinsa masu gadi. Ƙarfe shida na yamma ana jan ƙofofin ƙarfe, sai kwaɗuna. Babu dakali ko ɗaya a layin.

Watan jiya wani yaro ya kira ni, ya ce ya samu lambata a jikin wata rumfa, yana so a rubuta masa suna a saman shago. Da ya yi mini kwatance na gane wurin, na ce ina da aiki. Ya sake kira, na je. Filaza ce hawa biyu, shago goma sha huɗu. Falwayar da ke ƙofar gidanmu tana nan inda take, daga ita na ƙirga taku. Rijiya tana ƙarƙashin matattakala. Shagon yaron shi ne na uku a hannun hagu, takalman roba yake sayarwa a sari, an cika shi har rufi. Ɗakin Inna ne, da ɗan abin da ya shiga na madafi.

Yaron mai ladabi ne, ba zai wuce ashirin da biyar ba. Ya ba ni kujera, ya sayo mini ruwan leda. Ya ce, "Baba, ka ga ka zo kai tsaye ba ka ɓata ba. Ka san unguwar ne?" Na ce na ɗan sani. Na hau tsani na buga layi da zare da alli, na rubuta abin da ya ce, ja da baƙar inuwa. Da na gama sauran fenti ya rage a gwangwani, a ƙasan allon daga dama kuma akwai wuri kamar tafin hannu biyu. Na zana ƙaramin keke.

Ya fito ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai ba keke nake sayarwa ba." Na ce idan bai yi masa ba in shafe. Ya ƙara dubawa ya ce a bar shi, ya yi kyau, amma dai ba zai ƙara ko kwabo a kan yadda muka yi ba. Ya karɓi lambar asusuna ya tura, na naɗe tsanina, na fita neman adaidaitar Kabuga kafin magariba.